Yaranmu suna haddace firaktikal ba su taɓa gani ba, alhali akwai ɗakin gwaji a cikin waya

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Don Allah ku ara min ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma na san ba ni kaɗai ba ne, duk malamin kimiyya da ke makarantar gwamnati a Arewa idan ya karanta zai ce kamar da bakinsa aka rubuta.

Ni malamin fizis ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke wajen birnin Kano, shekarata 11 da alli a hannu. Muna da ɗaki da aka rubuta lab a ƙofarsa, amma idan ka buɗe abin da za ka tarar teburan siminti ne da famfunan da ba su taɓa kawo ruwa ba tun zuwana, sai kabad guda mai ɗauke da 'yan kwalabe da wata amita ɗaya, wato na'urar auna wutar lantarkin da ke bi ta waya, da allurarta ta maƙale. Ajin SS2 ɗina yara sun haura 80. To a haka ake so in koyar da wutar lantarki, in koyar da yadda haske ke lanƙwasa idan ya shiga ruwa, in koyar da lilon fendulum, wato dutsen da aka rataye da igiya yana kaiwa da komowa. Me nake yi? Zane a allo. In zana batir in zana ƙwan fitila in ja layi in ce ku ɗauka wuta tana bi ta nan, su kuma su kwafa a littafi su haddace, ranar jarrabawa su juye min abina yadda na ba su. Yaro zai kawo maka dokar Ohm ta wutar lantarki tsaf babu tuntuɓe, amma ka tambaye shi idan aka ƙara ƙwai na biyu a jere da na farko hasken zai ƙaru ko zai ragu, sai ya tsaya yana kallonka, wani ma ya ce ai na farkon zai shanye wutar na biyun ya samu saura. Ba laifinsa ba ne wallahi, bai taɓa gani ba.

Sai lokacin WAEC da NECO ya matso an turo takardar kayan da za a tanada na firaktikal, sannan za ka ga an tashi hankali ana aron kaya daga makarantu maƙwabta, a tara yara kwana 3 ko 4 a nuna musu biret da fifet, bututan gilashi na auna ruwan sinadarai, a karon farko a rayuwarsu, wasu hannunsu na rawa don tsoron kar su fasa a ce su biya. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Mu da muka taso muna jin labarin makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyin da jihar nan ke alfahari da su yau, mun san sirrinsu bai wuce yara sun taɓa kaya da hannunsu suna gwadawa ba, ga kuma malamai tsayayyu.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu shi ne abin da na ci karo da shi lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe makarantu wata da watanni muna zaune a gida. Wani abokin karatuna da ke koyarwa a wata kwalejin ilimi ya turo min adireshin wani shafi sunansa PhET ya ce in gwada. Shafin na Jami'ar Colorado ne da ke garin Boulder a Amurka, wanda ya kafa shi a 2002 wani masanin fizis ne Carl Wieman, da ya ci kyautar Nobel a 2001, kuma da kuɗin kyautar tasa ya taimaka aka fara aikin. Abin da ke ciki ba bidiyo ba ne da za ka zauna ka zuba ido, kwaikwayon gwaji ne, wato kayan lab ɗin ne aka zana maka a fuskar waya ko kwamfuta kai kuma kana jan su da yatsa kana haɗawa, su kuma suna amsa maka daidai yadda na gaske za su yi. Kyauta ne, ba rajista ba komai.

Na fara da na haɗa wutar lantarki. Ka jawo batir, ka jawo wayar wuta, ka jawo ƙwai da makunni, kana haɗa su ƙwan ya kama, har 'yan ƙwayoyin lantarkin kana ganinsu suna zagayawa a cikin wayar kamar jerin tururuwa. Ka ƙara ƙarfin batir su ƙara gudu hasken ya ƙaru. Ka haɗa kan batir da gindinsa kai tsaye ba komai a tsakani sai wuta ta tashi a jikinsa, abin da a lab na gaske ba za ka bar yaro ya gwada ba. A daren nan na kai wajen ƙarfe 1 ina ta haɗawa ina warwarewa, ni da na karanta abin nan har digiri, don akwai abubuwan da na sani a lissafi amma sai ranar na gan su da idona suna motsi.

Da aka koma makaranta na aro laftof ɗin ƙanina na shiga da ita aji. Ba mu da majigi, don haka na raba yaran rukuni-rukuni mutum 10, kowane rukuni su zagaye teburina. A nan ne na koyi darasi na farko, kuma shi ne nake so 'yan uwana malamai su riƙe. Ranar farko ni na riƙa dannawa ina bayani suna kallo, sun ji daɗi sun yi ta mamaki, amma da na yi musu tambaya bayan sati ɗaya sai na tarar kusan muna nan inda muke, kallo kawai suka sha kamar na fim. Sai na canza salo. Kafin a taɓa komai sai in ce kowa ya rubuta a takarda me yake zaton zai faru idan muka ƙara ƙwai na biyu a jere, a ɗaga hannu mu ƙirga masu cewa zai ƙaru da masu cewa zai ragu da masu cewa na farko zai fi na biyu haske, a yi musu sosai har ajin ya ɗau zafi, sannan in kira ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kafewa a kan ra'ayinsu in ce zo ka haɗa da hannunka. Da ya haɗa ya ga ƙwayayen biyu sun dusashe kuma haskensu daidai wa daida, sai ka ji aji ya yi tsit na ɗan lokaci sannan hayaniya ta ɓarke. Daga nan na ce to ku ɗauko amitar da ke gefe ku auna kafin ƙwan farko, ku auna tsakaninsu, ku auna bayan na biyu. Lamba ɗaya suka samu a ko'ina. Wannan tunanin na cewa ƙwan farko yana shanye wuta, wanda na shekara da shekaru ina yaƙi da shi da baki, a minti 10 ya fita daga kansu. Da muka zo haɗin gefe da gefe kuwa, inda kowane ƙwai ke da tasa hanyar wutar, wata yarinya ce da kanta ta ce Malam ashe shi ya sa idan ƙwan ɗakin Umma ya mutu na tsakar gida ba ya mutuwa. Ban faɗa mata ba, ita ta gano, kuma na tabbata har ta tsufa ba za ta manta ba.

Na fendulum ma haka. Kusan duk ajin sun rantse cewa dutse mai nauyi zai fi marar nauyi saurin kaiwa da komowa. A cikin kwaikwayon kana iya rataye guda biyu a tare, ka canza nauyi ka bar tsawon igiya yadda yake, ka cire gogayyar iska, sai ga su suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ka rage tsawon igiyar ɗaya nan take ya fara gaggawa. Har duniyar wata za ka iya kai shi, inda ƙarfin jan ƙasa yake wajen 1.6 maimakon 9.8 na nan duniyarmu, ka ga yana lilo a hankali kamar mai jin barci. Wane lab ne a ƙasar nan, komai kuɗin makarantar, zai kai yaro wata ya dawo da shi kafin a kaɗa ƙararrawa?

Amma fa Malam Edita kar a fahimce ni a baibai, ba cewa nake a daina gina lab a raba wayoyi ba, Allah ya kiyaye. Akwai abin da yatsa a kan gilashin waya ba zai taɓa koya maka ba. A cikin kwaikwayo wayar wuta ba ta tsatsa, batir ba ya sanyi, mahaɗa ba ta kwancewa, lambobi suna fitowa tas-tas. A gaske kuwa sai ka haɗa komai daidai ƙwan ya ƙi kamawa ka yi ta laluben inda matsalar take, kuma wannan laluben shi ma ilimi ne babba. Malamin kemistirinmu yana yawan cewa riƙe famfon biret da hannun hagu kana juya kwalba da na dama kana sakin ɗigo ɗaya-ɗaya har launi ya juya, da sunkuyawa ka daidaita idonka da saman ruwan kafin ka karanta lamba, wannan sai hannu ya saba. Gaskiyarsa ce. Shi ya sa bayan mun gama na fendulum a laftof na sa kowane rukuni suka zo da zare da ɗan dutse, muka rataye a ƙusar da ke jikin taga, muka aro tef ɗin awo wajen wani tela, muka ƙirga lilo 20 da agogon waya kamar yadda ake yi a jarrabawa. Amsoshinsu ba su fito cif-cif kamar na kwamfuta ba, a ƙarfin jan ƙasa wani rukunin ya samu 9.4 wani ya haura 10 maimakon 9.8, sai tambaya ta taso daga bakinsu, me ya sa namu ya bambanta? A nan muka shiga maganar kuskuren awo da saurin danna agogo da amfanin maimaita gwaji, darasin da a da nake rubuta musu shi a allo su haddace ba su san me ake nufi ba. Kwaikwayon ya share musu hanya, da suka zo kan na gaske sun san me suke nema.

Na san abin da mai karatu zai ce, data fa? wuta fa? sabis fa? Gaskiya ne, musamman tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, uban da ke fama da kuɗin awo ba zai sayi data don yaro ya kalli darasi ba. To amma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, waɗannan gwaje-gwajen na PhET ana sauke su sau ɗaya ne a ajiye, kowane ɗaya 'yan megabait kaɗan ne, daga nan ko ka kashe data ko ka cire layin ma gaba ɗaya zai buɗe ya yi aiki. Ni sau ɗaya na shiga gari na sauke wajen guda 30 na zuba a memori, daga wannan memorin na tura wa malamai 4 da yaran da ke da waya a gida ta Xender, ko kwabo ba a sake kashewa ba. Akwai ma wata manhaja Kolibri da aka yi ta musamman don wuraren da babu intanet, a zuba darussa a kwamfuta ɗaya sauran na'urorin da ke kusa su riƙa ɗauka daga gare ta, akwai kuma Kiwix da ke ba ka damar karanta Wikipedia ba tare da data ba. Caji kuwa ƙaramin faifan sola ɗaya ya ishi laftof.

Kuma mu fa Allah ya riga ya ba mu hanyar rarrabawa da ba sai an kafa kwamiti ba. Kowace unguwa da kowace kasuwar ƙauye akwai matasa masu teburi da kwamfuta da ke tura wa mutane fina-finai da wa'azi da waƙoƙi a memori. Fim zai fito yau, jibi ka same shi a wayar mai rake a ƙauyen da ko sabis babu. Me zai hana wannan hanyar ta ɗauki ilimi? Da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ko wani mai hali zai haɗa jaka guda ta darussan SS1 zuwa SS3 ya kai wa masu turawar nan, daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano har ƙauyuka, ya ɗan ba su na goro su riƙa saka wa duk ɗalibin da ya zo, na rantse a wata 3 sai ta zagaye jihar.

Ba PhET kaɗai ba ne. Akwai GeoGebra da wani ɗan ƙasar Ostiriya Markus Hohenwarter ya fara a 2001, malamin lissafinmu yana amfani da ita, ka ja kusurwar alwatika ka ga sauran kusurwoyin suna canzawa amma jimlarsu tana nan 180. Akwai Khan Academy da wani Ba'amurke Salman Khan (ba jarumin fim ɗin Indiya ba) ya faro daga koya wa wata 'yar uwarsa lissafi daga nesa a 2004, bidiyo ne da atisaye mataki-mataki, sai dai shi yana cin data kuma Turancin yana yi wa yaranmu sauri. Akwai kuma namu na gida, Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft a watan Maris 2022, wanda ke da darussa har da Hausa. Ga shafukan gwada jarrabawar JAMB, wannan kam ya zama dole tunda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya, kuma na ga yaro haziƙi da ya san amsa amma ya ɓata lokacinsa yana kokawa da linzamin kwamfuta don ranar ce ta farko da ya taɓa shi.

Maganar harshe ita ce ta fi tsaya min a rai. Yaron da ya shigo SS1 yana haɗa Turanci da ƙyar, idan ka ba shi shafi guda na bayani ya riga ya sare kafin ya kai tsakiya, ba don kansa ba ya ja ba. Kwaikwayon gwaji rubutunsa kaɗan ne, yawanci ja ne da gani, don haka yaron nan da ke ɓuya a bayan aji sai ka ga shi ne ya fi kowa saurin gano yadda abin ke aiki, musamman masu zuwa shagon gyaran waya ko wayarin bayan an tashi. Ni da Hausa nake barinsu su yi musunsu, sai an fahimta sannan mu ɗora sunayen Turancin da za su tarar a jarrabawa. Kuma masu PhET sun bar ƙofar fassara a buɗe ga duk mai son sa kai. Ina kira ga malamanmu na sashen Hausa da na kimiyya a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da kwalejojin ilimi, su zauna tare su yi wannan aikin da kyau, su daidaita kalmomi don kar kowa ya ƙirƙiro tasa, ɗalibai masu neman abin da za su yi furojet a kai ga shi nan a gabansu, kuma 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ma za su amfana.

Iyaye kuma ina fahimtar tsoronku, ni ma uba ne. Waya ta lalata tarbiyyar yara da yawa, ga TikTok ga caca ga hirar banza har tsakar dare, kuma ban ce a sakar wa ɗan shekara 14 waya da data a bar shi a ɗaki shi kaɗai ba. Abin da nake yi da 'yata shi ne in kashe data in buɗe mata gwajin in miƙa mata wayata bayan magariba a tsakar gida, gaban mahaifiyarta, minti 30 ta dawo min da ita ta faɗa min me ta gano. 'Ya'ya mata ma sun fi buƙatar wannan, don namiji yana iya fita lesin da yamma ko ya je wajen abokinsa, ita kuwa daga makaranta sai gida sai Islamiyya, idan ba a kawo mata abin har inda take ba shikenan ya wuce ta.

Roƙona ga hukumomin ilimi na jihohinmu ba mai tsada ba ne. Kafin a kai ga sayo kwamfutoci ɗari a jibge a ɗaki a kulle don tsoron ɓarayi har su lalace ba a kunna ba, a fara da malami. A ba kowace sakandare laftof ɗaya da majigi ɗaya da sola da za ta riƙe su, a damƙa su a hannun malaman kimiyya su sa hannu, a tara malaman nan kwana 2 a lokacin hutu a koya musu, ba yadda ake danna abin kawai ba, yadda ake sa yaro ya yi hasashe ya yi musu sannan ya gwada. Wanda zai koyar da su ma a nemo malamin aji irinsu da ya riga ya yi a gaban yara 80, ya san inda gizo ke saƙa. Shugabannin makarantu kuma da suka hana shigowa da waya kwata-kwata, ina goyon bayanku a kan ɗalibai, amma a bar malami ya yi amfani da tasa a aji idan darasi ya buƙata. Sannan a ci gaba da gyara lab na gaske ko da a hankali ne, a fara da batura da wayoyin wuta da ƙwayaye da ruwan famfo.

Ku ma Malam Edita kuna da rawar takawa. Da za ku ware ɗan gurbi duk sati, malami ɗaya ya kawo gwaji ɗaya ya bayyana da Hausa inda ake samunsa da tambayoyi 3 da za a yi wa yaro kafin ya taɓa, ni na ɗau alkawarin rubuto na wutar lantarki da na fendulum da na lanƙwasar haske, malamin kemistirinmu ma ya ce zai kawo na daidaita lissafin sinadarai. Memorin nan kuma tana aljihuna, duk malamin da ya nema ta hannunku zan tura masa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Malamin fizis, daga jihar Kano